Gyaran ƙwayoyin ɓargo a matsayin maganin sikila: amsa ga wata uwa

Tambaya: 'Yata tana da shekara 14, SS ce, kuma a bana ciwon ya matsa mata, kwanciya asibiti ta yi yawa. Na ji a rediyo cewa a ƙasashen waje an samo hanyar gyara jinin masu sikila har su warke. Shin gaskiya ne? Daidai yake da dashen ɓargo da muke ji? Idan muka sayar da abin da muka mallaka, za mu iya kai ta?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar jinya. Labarin da kika ji gaskiya ne. A ranar 16 ga Nuwamba, 2023, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, sannan takwararta ta Amurka ta bi sahu a ranar 8 ga Disamba, 2023, kuma shi ne magani na farko a duniya da aka amince da shi wanda aka gina a kan fasahar gyaran ƙwayoyin halitta da ake kira CRISPR. Sai dai ba ƙwaya ba ce da ake haɗiya, kuma ba allura ɗaya ba ce da za a yi wa mutum ya tashi ya koma gida. Aiki ne da ke cin watanni, yana da haɗarinsa, kuma a ganina a matsayina na likitan jini ba shi ne abin da ya kamata iyalinku su sayar da kadara dominsa a yanzu ba. Zan bi dalilan daki-daki.

Asalin sikila ba a cikin jinin da ke gudana a jijiya yake ba, a cikin ɓargo yake. A can ne ake da wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da za mu kira ƙwayoyin tushe, waɗanda daga gare su duk sauran ƙwayoyin jini ke fitowa tun daga haihuwa har zuwa mutuwa. Kowace jar ƙwayar jini cike take da sinadarin himoglobin, wanda shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. A jikin mai SS, umarnin gado na haɗa wannan sinadari yana da canji a harafi guda tak, a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da umarnin gado a cikin ƙwayoyin jiki, kuma yaron ya gaji canjin daga uwa da uba duka. Idan irin wannan himoglobin ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne da juna ya yi tsawo ya yi tauri, ya lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje. Lafiyayyiyar jar ƙwaya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kike ganin ƙarancin jini da rawayar ido. Lanƙwasassun ƙwayoyin kuma su ne ke toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi da na ƙirji ke tasowa. Ƙarin jini yana sauƙaƙa lamarin na 'yan makonni ne kawai, domin ɓargon bai daina aikinsa na da ba. Duk wanda ke son warkar da sikila daga tushe, dole ya isa ga waɗannan ƙwayoyi na cikin ɓargo.

Hanya ta farko ita ce dashen ɓargo, kuma ta girmi wannan sabon magani da kusan shekara 40. An gano amfaninta ne a 1984 a birnin Memfis na Amurka, inda aka yi wa wata yarinya mai sikila dashe saboda sankarar jini da ta kama ta, sai aka ga sikilar ma ta tafi. A dashe, ana kawar da ɓargon majiyyaci, a zuba masa ƙwayoyin tushe na wani mutum dabam. Mafi dacewa shi ne ɗan'uwa shaƙiƙi wanda tambarin garkuwar jikinsa, wato HLA, ya yi daidai da na majiyyacin, kuma ba laifi idan shi mai bayarwar AS ne. Idan aka samu irin wannan dacewa kuma majiyyacin yaro ne, fiye da kashi 90 cikin 100 suna warkewa. Cikas ɗin shi ne kowane shaƙiƙi damarsa ta dacewa ɗaya ce cikin huɗu, kuma cikin waɗanda suka dace ɗin ma za a samu wanda shi ma SS ne, don haka ƙasa da kashi 20 cikin 100 na masu sikila ne ke da mai ba su. Ga kuma haɗarin da ba ya rabuwa da ƙwayoyin wani: ko dai jiki ya ƙi karɓar baƙon ɓargo, ko kuma baƙon ɓargon ya ɗauki jikin da aka zuba shi a matsayin abokin gaba, ya auka wa fata da hanji da hanta. An fara irin wannan dashe a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, sannan a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu.

Hanya ta biyu, wadda kika ji a rediyo, ta bambanta da wannan a wuri guda mai muhimmanci: ba a neman mai bayarwa. Ƙwayoyin majiyyacin kansa ake cirowa, a gyara su a ɗakin gwaji, a mayar masa da abinsa. Tun da nasa ne, batun faɗa tsakanin baƙon ɓargo da jiki bai taso ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne cewa ba a taɓa harafin da ya lalace ba ko kaɗan, wata hanya aka zagayo ta. Na tabbata kin lura cewa 'yarki ba ta nuna alamar komai ba a watanninta na farko a duniya, sai da ta kai wata shida ko fiye kafin kumburin hannu da ƙafa ko wata alamar ta bayyana. Wata likitar yara a Nuyok mai suna Janet Watson ta yi wannan lura tun a 1948, ta kuma danganta ta da wani nau'in himoglobin da jariri ke amfani da shi tun yana ciki. Shi wannan himoglobin na tayi ba ya lanƙwasa ƙwaya, hasali ma idan yana da yawa a cikinta yakan hana na sikila mannewa da juna. Bayan haihuwa ne jiki ke rage yin sa sannu a hankali, ya koma yin na manya, wanda a jikin mai SS shi ne mai matsalar. Daga baya aka gano wasu mutane da jikinsu bai daina yin na tayi ba har girmansu, kuma idan suka gaji sikila takan zo musu da sauƙi ƙwarai. Wannan ne ma dalilin da ya sa sikilar gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya ba ta kai tamu ta Afirka ta Yamma tsanani ba.

Saboda haka tambayar da masana suka daɗe suna bi ita ce, me ke ba da umarnin dakatar da himoglobin na tayi? A tsakanin 2007 da 2008 bincike ya nuna wani yanki na gado mai suna BCL11A, kuma ɗakin binciken Farfesa Stuart Orkin a birnin Boston na Amurka ya tabbatar da cewa shi ne mai dakatarwar. A 2013 aka gano wani ɗan guntun sashe da ke sarrafa aikin BCL11A a cikin ƙwayoyin da za su zama jajaye kaɗai, wanda ke nufin za a iya raunana shi a can ba tare da an taɓa aikinsa a sauran ƙwayoyin jiki ba. Ana cikin haka kuma, a 2012, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabarar kare kai ta ƙwayoyin bakteriya wajen yanka DNA, wato zaren da umarnin gado ke rubuce a kansa, a daidai wurin da aka zaɓa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. Casgevy haɗuwar waɗannan bincike biyu ne: ana yanka wancan ɗan guntun sashe, ƙwayar ta yi ƙoƙarin ɗinke wurin amma ɗinkin ya fito da 'yar tawaya, umarnin dakatarwa ya yi rauni, himoglobin na tayi ya dawo. A jikin waɗanda aka yi wa aikin, yakan kai sama da kashi 40 cikin 100 na dukkan himoglobin ɗinsu, kuma wannan ya isa ya hana yawancin ƙwayoyi lanƙwashewa.

Yanzu bari in nuna miki abin da yarinya za ta fuskanta idan aka ce yau an karɓe ta, domin wannan ɓangaren ne ba a cika faɗa a labarai ba. Da farko za a dakatar da haidiroksiyuriya, wata ƙwayar maganin sikila, idan tana sha, a riƙa yi mata musayar jini na tsawon aƙalla mako takwas domin a rage jinin sikila a jikinta. Sannan a yi mata allurar da ke koro ƙwayoyin tushe daga ɓargo zuwa cikin jini. Allurar da aka saba amfani da ita ga sauran mutane tana iya tayar wa mai sikila da mummunan ciwo, don haka wata dabam ake yi mai suna plerixafor, wadda ba ta koro ƙwayoyi da yawa. Za a sa mata wani bututu mai kauri a babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji, ta kwanta awanni tana kallon jininta yana fita zuwa cikin wata na'ura mai juyawa da sauri, na'urar ta tsame siririn layin da ƙwayoyin tushe suke ciki ta tara a leda, ta mayar mata da sauran. Sau da yawa zagaye ɗaya ba ya isa, sai an huta makonni an sake. Ana ajiye wani kaso a daskare ba tare da an gyara shi ba, saboda ko da aikin ya ci tura a samu abin mayar mata. Sauran kuma a aika ɗakin gwajin kamfani, inda ake amfani da ɗan bugun lantarki a buɗe ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin domin kayan gyaran su shiga. Gyarawa da gwaje-gwajen tabbatar da inganci kan iya ɗaukar har wata shida.

Mataki mafi wuya yana zuwa ne bayan ƙwayoyin sun dawo. Manomi ba ya zuba sabon iri a gonar da tsohon amfani ke tsaye sai ya share ta, haka ma ɓargo: dole a kawar da tsofaffin ƙwayoyi kafin gyararrun su sami wurin zama. Ana yin haka da wani ƙaƙƙarfan maganin sankara mai suna busulfan, na kwana huɗu. Zuba gyararrun ƙwayoyin kansa bai fi ƙarin jini wahala ba, ta jijiya ake yi, su kuma su nemi hanyarsu zuwa ɓargo da kansu. Amma makonnin da ke biyo baya, kafin sabon ɓargo ya kama aiki, majiyyaciya ba ta da garkuwar jiki kusan ko kaɗan. Gashi yana zubewa, baki da maƙogwaro suna sulluɓewa har haɗiye yawu ya zama aiki, ana ƙara mata jini da ƙwayoyin tsayar da zubar jini a kai a kai, kuma zazzaɓin da a da za a sha masa farasitamol a wannan lokacin yana iya zama ajali idan ba a tare shi cikin sa'a guda ba. Zaman asibiti a ɗaki keɓaɓɓe kan kai mako huɗu zuwa shida. Sannan akwai abin da ya zama wajibi ku ji tun da wuri: busulfan yana iya hana haihuwa har abada, ga mace da namiji. A ƙasashen da ake wannan aiki akan daskarar da ƙwan mace ko maniyyin namiji kafin a fara, kuma ga yarinya 'yar shekara 14 wannan ba ƙaramar shawara ba ce da za a yanke a madadinta ba tare da an zauna da ita ba.

Sakamakon dai mai kyau ne, ba na musun haka. A bayanan da hukumar Amurka ta dogara da su, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba, alhali dukkansu mutane ne da ciwon ke kwantar da su sau da yawa a shekara. Victoria Gray, 'yar jihar Misisipi, wadda ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa aikin a Amurka a watan Yulin 2019, ta sha fitowa bainar jama'a tana bayanin yadda rayuwarta ta sauya. Amma ki duba ƙanƙantar adadin, ki kuma duba shekarun: mafi daɗewa a cikinsu bai cika shekara goma da aikin ba, shi ya sa aka tsara bibiyar kowane ɗayansu har shekara 15. A rana ɗaya da Casgevy, Amurka ta amince da wani maganin mai suna Lyfgenia, wanda shi ba yanka yake yi ba, sabon umarnin himoglobin yake shigarwa cikin ƙwayoyin ta hanyar wata ƙwayar bairos da aka cire wa dafi, kuma an ɗora masa gargaɗi mafi girma saboda an sami sankarar jini a wasu da aka yi wa gwajinsa.

Abubuwa biyu wannan gyara ba ya yi. Na farko, ba ya maido da abin da ciwon ya riga ya ɓata. Idan kan ƙashin cinya ya mutu saboda toshewar jini har ya rufta, gyaran ɓargo ba zai tayar da shi ba, sai dai a sa gaɓar ƙarfe da roba ko tangaran, irin aikin da ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma ita ma gaɓar tana da shekarun da take yi kafin ta buƙaci sauyi. Haka tabon da shanyewar ɓarin jiki ya bari a ƙwaƙwalwa, da saifar da ta ƙanƙance tun ƙuruciya. Na biyu, kuma wannan ne mutane suka fi kuskurewa, gyaran ya tsaya ne a ƙwayoyin jini, bai shafi ƙwan mace ko maniyyin namiji ba. Wadda aka yi wa aikin, ko aka yi wa dashe, idan Allah ya ba ta haihuwa, kowane ɗa da ta haifa zai gaji S ɗaya daga gare ta. Don haka hukuncin gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana nan a kanta kamar yadda yake a kan kowace mai SS.

Batun kuɗi kuwa, farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne, na Lyfgenia kuma miliyan 3.1, ban da kuɗin asibiti da masauki da zaman wata da watanni. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, na farkon kaɗai ya haura naira biliyan 3. A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa ce ke biya wa waɗanda suka cancanta tun daga farkon 2025, kuma Bahrain da Saudiyya ma sun amince da shi, amma tsarin biyan kuɗin galibi na mazauna ƙasar ne ko masu inshora. Najeriya ce ke da mafi yawan masu sikila a duniya, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ciwon a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Ko da kamfanin zai ba mu kyauta, ba za mu iya yi wa ko kashi ɗaya cikin ɗari nasu ba, domin kowane mutum guda yana buƙatar ɗakin da aka tace iskarsa, da ma'ajiyar jini da ba ta yankewa, da wutar lantarki dare da rana, da ma'aikatan jinya da suka ƙware a dashe. A wurina, babban shingen shi ne busulfan da abin da yake jawowa, ba yankan DNA ba. Masu bincike sun san haka, shi ya sa suke neman hanyar share ɓargo da magani mai sauƙi wanda zai nufi ƙwayoyin tushe kaɗai, suna kuma neman yadda za a aika kayan gyaran kai tsaye cikin jiki ta allura ba tare da an ciro komai ba. An nuna a 2021 cewa ana iya yin haka ga hanta a wata cuta dabam, amma isa ga ɓargo ya fi wuya nesa ba kusa ba. Tun a 2019 cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka da Gidauniyar Gates suka ware dala miliyan 200 domin neman irin wannan magani mai araha ga sikila da ƙanjamau, kuma har yanzu aikin yana matakin bincike.

Abin da ya fi dacewa da 'yarki a yau shi ne a tsare mata jikinta daga lalacewa, domin duk wata hanyar warkewa, ta yanzu ko ta gaba, ta fi yin kyau ga wanda ƙodarsa da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa ke lafiya. Ba ki faɗa mini ko tana shan haidiroksiyuriya ba. Idan ba ta sha, wannan ce magana ta farko da za ki yi da likitanta, domin ƙwayar tana aiki ne ta hanyar ɗaga himoglobin na tayi, wato manufa ɗaya da Casgevy, sai dai ba ta kai shi ƙarfi ba kuma kullum ake shan ta tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Tana rage tashin ciwo da ciwon ƙirji da buƙatar ƙarin jini, kuma wani bincike da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda ya nuna har zazzaɓin cizon sauro ya ragu a yaran da ke shan ta. Idan tana sha kuma ciwon bai lafa ba, a duba ko adadin ya yi mata kaɗan, tun da nauyinta yana ƙaruwa da shekaru, kuma a tabbatar ba ta tsallake kwanaki, abin da ya zama ruwan dare ga 'yan mata a wannan shekarun.

Ki kuma nemi a yi mata awon gudun jini na ƙwaƙwalwa, wanda ake yi wa yara masu SS daga shekara 2 zuwa 16. Ba ya ciwo: ana shafa ɗan mai a gefen goshi kusa da kunne, a ɗora kan na'ura, a ji ƙarar bugun jini tana fita, a karanta saurinsa. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala Muhammad, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi shekaru suna bincike a kan wannan, kuma sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna cewa haidiroksiyuriya, ko da a ƙaramin adadi, tana kare irin waɗannan yara a inda ƙarin jini na kowane wata ba zai yiwu ba.

Idan kuma bayan duk wannan ciwon ya ci gaba da kwantar da ita, ko awon ya nuna haɗari, to dashen ɓargo ne hanyar da za ku iya tunani a kai da gaske, kuma matakinsa na farko shi ne gwajin HLA gare ta da dukkan shaƙiƙanta waɗanda ba SS ba. Kada ku biya wa kowane dillalin asibitin waje ko sisi kafin wannan sakamako ya fito. Idan babu wanda ya dace, akwai dashe daga uwa ko uba wanda dacewarsa rabi ce, ana yin sa a wasu cibiyoyi kuma sakamakonsa yana inganta, amma haɗarinsa ya fi na shaƙiƙi, don haka ku tambayi cibiyar kai tsaye mutum nawa masu sikila ta yi wa irinsa, nawa suka rayu, nawa ɓargon ya kama, da kuma wanda zai ci gaba da duba yarinyar a shekarar farko bayan kun dawo gida.